"Gani ya kori ji": to idan idon ne ya ɓata lissafi fa?

Tela, Wunti, Bauchi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Karin maganar nan ne ya tsaya mini a rai. Ana saura kwana 4 ƙaramar sallah, shaddar wani da ya kawo ɗinki, yadi 5, ta ɓace a shagona. Daren da ya gabata na ga yaron da ke koyon ɗinki a wurina ya fita da baƙar leda a hammata, yana waige-waige. Da safe na tsare shi, sai jikinsa ya kama ɓari, ya kasa haɗa ido da ni. Na ce shi ke nan, labarin zuciya a tambayi fuska. Na kore shi a gaban maƙwabtan shago. Mako 2 bayan sallah wani bawan Allah ya dawo da shaddar, ashe ni da hannuna na haɗa ta cikin kayansa. Ledar kuwa ƙyallaye ne yaron yake tara wa ƙanwarsa, tsoron faɗana ya sa yake ɓoyewa. Na je gidansu a unguwar Jahun na ba da haƙuri, amma bai dawo ba. Ni dai gani na yi, ba ji ba. Ina gaskiyar karin maganar?

Dattijo, Kobi: Wa alaikumus salam. Ɗana, karin maganar bai yi ƙarya ba, kai ne ka ɗora masa kayan da ba nasa ba. Leda ka gani, ba shadda ba. Ido ya kawo maka leda, zuciyarka ta zuba shadda a ciki. Abin da magabata suke nufi shi ne wanda ya je Yankari ya ga giwa ya fi wanda aka siffanta masa ita a zaure. Kuma su ɗin ne dai suka ce kama da wane ba ta wane.

Direba, hanyar Gombe: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ido ma kan yaudari mai shi. A watan Afrilu da tsakar rana, in ka wuce Alkaleri, sai ka hango ruwa kwance a kan kwalta, yana sheƙi. Ka isa, babu ko ɗigo. Ranar da na fara ganin kawalwalniya ina yaron mota, maigidana ne ya ce mini zafin kwalta ne ke karkatar da haske har ka ga hoton sama a ƙasa. Har yau idona ruwa yake gani, maganar maigida ce ke hana ni taka birki. A nan ai ji ne ya kori gani.

Ma'aikaciyar jinya, Yelwa: Ni abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda firgici ke rufe hankalin mutum mai hankali. Ku tuna watan Agustan 2014, lokacin Ebola. Tun kafin asuba wayoyi suka kama ƙara: a tashi a yi wanka da ruwan gishiri, a sha. Yayata ce ta kira ni, muryarta na rawa, ta ce in tashi yara. Ni da na san illar gishiri ga mai hawan jini, sai da na tsaya a bakin randa da gishiri a hannu kafin na dawo hayyacina. An ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 2 a ƙasar nan saboda shan ruwan gishirin, da dama suka kwanta asibiti. Ita kanta cutar mutum 20 ta kama, 8 suka rasu, duk a Legas da Fatakwal, ba ta iso Arewa ba, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da ita. Ba maƙiyi ne ya kawo mana ƙaryar ba, masoyi ne, shi ya sa ba a tsaya tambaya ba.

Malamin Islamiyya, Gwallaga: Hajiya kin taɓo wurin. Malam Tela, ka duba Suratu Yusuf. 'Yan uwansa sun zo wa mahaifinsu da dare suna kuka, ga riga da jinin ƙarya. Masu laifi ne ke hawaye a can, a shagonka kuma marar laifi ne ke ɓari. To wace fuska za a tambaya? Daga baya da aka zarge shi a gidan Aziz, ba fuska aka duba ba, riga aka duba: ta gaba ta yage ko ta baya? Sannan akwai hadisin Ummu Salama a Bukhari da Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya bayyana cewa ana kawo masa ƙara, wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujja, sai ya yanke bisa abin da ya ji, amma wanda aka ba haƙƙin ɗan uwansa ya sani yanki ne na wuta. In haka abin yake a can, ina ga ni da kai? Shi ya sa aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da a bincika labari, don kada a cuci mutane cikin rashin sani a koma ana nadama.

Ɗalibi, Fadamar Mada: Allah ya saka, Malam. Masana halayyar ɗan Adam ma sun gwada. A 2006 an tattara gwaje-gwaje sama da 200 na gane mai ƙarya daga mai gaskiya, aka ga mutane suna dacewa ne kashi 54 cikin 100 kawai, kusan daidai da canki-canka. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira, ana haɗa bidiyon mutum da muryarsa yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Ni a ganina wannan karin maganar ya tsufa, a ajiye shi.

Dattijo, Kobi: A'a jikana, ba a yar da mudu don wani ya yi algus. Bidiyon da kake faɗa ai ji ne ya sa rigar gani. Wani ne ya kawo maka, ba ka je wurin ba. Kuma ramin ƙarya ƙurarre ne, ga shaddar nan ta dawo.

Ma'aikaciyar jinya, Yelwa: Ta dawo, Baba, amma bayan mako 2. Ramin ƙurarre ne, sai dai kafin a kai ƙarshensa yaro ya riga ya faɗa ciki. Wannan karin maganar yana kwantar wa wanda aka zalunta hankali, ba ya wanke mai gaggawar hukunci.

Dattijo, Kobi: Na karɓi wannan, 'yata. Malam Tela, tambaya ɗaya: a ina ka kore shi, a ina ka ba shi haƙuri?

Tela, Wunti: A bakin shago na kore shi, Baba, a zauren gidansu na ba da haƙuri. Har yanzu akwai maƙwabtan da ba su san shaddar ta dawo ba. Gobe in Allah ya kai mu, bayan azahar lokacin da kowa yake wurin, zan tara su in faɗa musu da bakina. Zan kuma aika wa mahaifiyarsa ko za ta bari ya zo ya ji da kunnensa.