Ƙaramar kyamarar fim mai zum: abin da muka gani da ita a Damagaram

Mai buɗe zance, daga Birni:

Assalamu alaikum. An ba ni wata ƙaramar kyamarar fim daga cikin kayan kawuna, irin wadda idonta ke fitowa da kansa idan an kunna ta. A gabanta an rubuta 38–115mm, wato iyakar zum ɗinta na jawo abu kusa, a samanta kuma akwai maɓallai biyu, W na faɗaɗa hoto da T na jawo abu kusa, da wasu ƙanana masu alamar walƙiya da dutse da agogo. Ina so in yi aiki da ita a hawan sallah da kuma bikin ƙanwata. Ina roƙon duk wanda ya taɓa riƙe irinta ya gaya mana abin da ta iya da inda ta gaza, domin fim mai hoto 36 ba abin ɓatawa wajen gwaji ba ne.

Tsohon mai hoto, daga Zango:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kamfanin Pentax ne ya fara fito da ƙaramar kyamara mai zum a 1986, mai 35 zuwa 70mm, daga nan Olympus da Canon da Minolta da Nikon suka biyo, kowa yana ƙara tsawo domin shi ne abin da ke jan mai saye. Lokacin da suka iso mana, abin da ya burge mu shi ne mutum ya tsaya cikin jama'a a ƙofar fada, ya danna T, sai ga mahayi da rawaninsa da adon dokinsa sun cika hoton ba tare da dogarai sun kore shi ba. Da rana tsaka wannan aiki tana yin sa da kyau, muddin ka manne gwiwar hannunka a ƙirji, saboda a 115 ɗan motsin yatsa ma yana fitowa a hoto.

Abin da akwatinta ba ya faɗa da babbar murya shi ne, duk lokacin da idon ya ƙara tsawo, hasken da ke isa ga fim yana raguwa. Ana auna buɗewar idon da lambar f, girman lambar na nufin ƙarancin haske; irin taka tana farawa ne daga wajen f/4 a W, ta ƙare a wajen f/9 ko f/10 a T, wato kashi ɗaya cikin biyar na hasken, ko ma ƙasa da haka. Filashar kuwa 'yar ƙarama ce. Na sha ganin hotunan biki na dare da aka kawo mini, inda mai ɗauka ya tsaya a bakin zaure ya jawo amarya da zum: fitilar da ke bayanta kaɗai ta fito, ita kuwa ta nutse cikin duhu mai ruwan ƙasa. Da fim mai lamba 100 (lambar saurin kama haskensa), filasha a T da ƙyar take wuce mita biyu. Da mai lamba 400 nisan yana ninkawa. Saboda haka idan magariba ta yi, ka mayar da ita W, ka nemi izini ka matsa kusa da ƙafarka.

Malamar makaranta, daga Sabon Gari:

Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ni abin da ya fi ba ni aiki shi ne yadda take auna nisa. Akwai wasu 'yan tagogi a saman idon. Yawancin waɗannan kyamarori ta nan suke aika hasken infrared, wanda ido ba ya gani, zuwa abin da ke tsakiyar hoto, su auna shi. Idan ka tsayar da mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, tsakiyar ta faɗa a ratar da ke tsakaninsu, sai katangar baya ta fito tar, su kuma fuskokinsu su dushe. Maganinsa shi ne ka ɗora alamar tsakiya a fuskar ɗaya, ka danna maɓallin rabi har koren haske ya tsaya, sa'an nan ka gyara tsayuwar hoton ka ƙarasa dannawa. Maɓallin mai alamar dutse kuma na nesa ne: da shi na ɗauki duwatsun hanyar Mirya ta gilashin mota, domin in ba shi ba, gilashin take aunawa.

Ƙanena, tunda bikin ƙanwarka ne, za a ce ka ɗauki lallen hannunta. Ka lura cewa tagar da kake leƙawa daban take da idon da ke ɗauka, don haka a kusa abin da ka gani ba daidai yake da abin da fim ya samu ba. Akwai 'yan layuka a cikin tagar domin wannan, ka sa hannun a ƙarƙashinsu. Idan koren hasken yana ƙyaftawa, ka yi kusa da yawa ke nan, sai ka ja baya.

Mai gyaran rediyo da agogo, kusa da kasuwar Dole:

Waɗanda ake kawo mini, ciwonsu kusan ɗaya ne: ƙura. Idon zum bututu ne cikin bututu, ƙaramin injin lantarki ke tura shi ta haƙoran roba, kuma duk fita da shiga yana jan iska. A lokacin hunturu, ko a filin hawa inda dawaki ke tayar da yashi, 'yan ƙwayoyi kaɗan sun isa su sa ya cije a rabin hanya. Idan ya cije, kada ka tura shi da hannu, domin haƙoran ne za su karye, ko siririn kebul ɗin da ke ciki ya tsinke, kuma kayan gyaransu sai dai a cire daga wata matacciya. Ka riƙe ta cikin jaka mai zip, ka kashe ta tsakanin hoto da hoto.

Ka buɗe wurin batir ka duba. Yawancinsu CR123A ko CR2 suke ci, masu volt 3, ba irin pil ɗin tocila da ake samu a kowane tebur ba, don haka ka nemo tun kafin sallah. Ka duba soson da ke bakin murfin baya. Idan ya narke yana manne wa yatsa, haske zai shiga ya bar jan tabo a hotuna. Idan tana buga kwanan wata, da yawansu lissafinsu ya tsaya a 2019, gara ka kashe shi.

Ɗalibi a jami'a:

Da izinin manya, ni ban ga laifin zum kamar yadda Baba ya gani ba. Hoton fuska a wajen 70 ko 80, da safe a inuwar bedi, ya fi na 38 kyau nesa ba kusa ba, domin hanci ba ya kumbura kuma bayan mutum yana yin laushi. Game da fim, kyamarar da kanta take karanta lambarsa ta wasu murabba'ai masu baƙi da azurfa a jikin gwangwanin, tsarin DX da Kodak ta kawo a 1983. Fim ɗin da ba shi da su, da yawa daga cikin kyamarorin suna ɗaukarsa a matsayin 100. Zafin watan Afrilu da Mayu yana canza launin fim, don haka nawa a firiji yake kwana. Kuma yaya, kafin ka saya, ka fara samun wanda zai wanke maka da tsarin C-41, na wanke fim mai launi, tunda yawancin masu hoto sun koma dijital.

Tsohon mai hoto, daga Zango:

Na yarda da kai a kan 70 da 80, yaro, da rana. Abu ɗaya zan ƙara wa mai tambaya: a hawan sallah rana tana bisa kai, rawani da malafa suna rufe idanu da inuwa. Idan mutumin yana kusa, danna alamar walƙiya har ta koma wadda ke tilasta filasha ta tashi, fuskar za ta fito. Yawancinsu suna manta wannan zaɓi da zarar an kashe su, don haka sai ka sake dannawa duk lokacin da ka kunna.