Injin wanki a ɗakin ƙarƙashin ƙasa: ruwan datti yana dawowa

Assalamu alaikum. Ina Columbus, jihar Ohio ta Amurka. Gyaran ɗakin ƙarƙashin gidana ya tsaya cik saboda wurin wanki.

Babban bututun da ke fitar da ruwan datti ya ratsa bango ne a sama, wajen ƙafa 6 daga daɓe, injin wankin kuma yana ƙasa. Na ƙara wa tiyo tsawo na kai shi can. Injin yana turawa, amma da ya tsaya sai ruwan da ya rage a tiyon ya gangaro ya koma ciki, kaya su fito suna warin kwata. Na sa bawul mai hana ruwa komawa. Ko mako biyu bai yi ba zaren tufafi ya toshe shi, na sauko da safe na tarar da kumfa har gindin matakala, kwalayen tayil duk sun jiƙe.

Akwai rami mai injin tura ruwa a kusurwa, amma na ruwan ƙasa ne, ba a yarda a zuba masa ruwan sabulu ba.

Mai gyaran famfo ya ce sai an fasa kankare an binne tanki. Kuɗin da ya yanka mini ya kusa cinye rabin abin da na ware. Maƙwabcina kuwa cewa ya yi in kafa bahon wanki, in ajiye ƙaramin injin tura ruwa a ƙarƙashinsa, ba fashe-fashe. Raina ya fi karkata nan, sai dai mu shida ne, kusan kullum ana wanki.

Wanda ya taɓa amfani da shi: ƙaramin injin nan zai jure wankin kullum, ko in fasa daɓen tun ban shimfiɗa tayil ba?