Neman shawara: Baba yana son ganin tsofaffin gine-ginen Haidarabad, amma gwiwa ba ta gama warkewa ba

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na kawo mahaifina Haidarabad ta ƙasar Indiya aka yi masa aikin gwiwa, alhamdu lillahi an sallame mu. Jirginmu sai ranar Lahadi, yau kuwa Laraba. Baba mutum ne mai son tarihi, tun da ya hango hoton Charminar, tsohon ginin nan mai hasumiya huɗu, a bangon asibiti yake cewa ba zai koma Kano ba sai ya gan shi da idonsa. Yana tafiya da sanda, likita ya hana shi hawan bene da yawa. Muna zaune a unguwar Tolichowki. Ina ya kamata in kai shi, ina kuma zan haƙura?

Ɗalibi a Osmania: Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Abu na farko, ka lura da Juma'a. Fadar Chowmahalla da gidan tarihi na Salar Jung duk a rufe suke ranar, don haka gobe Alhamis ku fara da su ko ku bari sai Asabar. Chowmahalla za ta yi wa Baba daɗi, yawancinta tsakar gida ce a shimfiɗe, ga inuwa. Nan ne fadar sarakunan Nizam da suka mulki Haidarabad. Babban zauren da ake kira Khilwat yana da manyan fitilun gilashi guda 19 da aka kawo daga Beljiyam, a baya kuma akwai tsofaffin motocin sarki, har da Rolls-Royce ruwan ɗorawa ta 1912. Daga nan zuwa Charminar ba nisa.

Shi Charminar, Muhammad Kuli Kutub Shah ne ya gina shi a 1591, lokacin da ya kafa garin. Kada ka bari Baba ya hau. Matakalar cikin hasumiyar a murɗe take, ga ƙunci, mutum ɗaya take ɗauka, kuma in ka shiga layi babu juyowa. Daga ƙasa ma an fi ganin kyansa. Ku zauna a ɗaya daga shagunan shayin gefe, ku sha shayin da suke kira Irani da biskit ɗin Osmania, ya kalle shi son ransa.

Hajiyar Sabon Gari: Malam, ka kai shi Juma'a a Makka Masjid, tsallaken Charminar yake. Wallahi ni da maigida da muka je sai da hawaye ya zubo masa. Sarakunan Kutub Shahi ne suka fara ginin, Aurangzeb, sarkin daular Mughal, ya ƙarasa bayan ya ci garin, shekara saba'in da 'yan kai ana aiki. Sun ce an haɗa wasu tubalan da ƙasar da aka ɗebo daga Makka, shi ya sa sunan. Ga tattabaru cike da harabar, ga kaburburan sarakunan Nizam a jere daga gefe. In kun fito ka leƙa Laad Bazaar ka saya wa Umma awarwaro, amma ka taya rabin abin da suka faɗa.

Ɗalibi a Osmania: Hajiya, a yi mini afuwa, ni ban ba da shawarar Juma'a a can ba ga mai sabon ɗinki. Masallacin yana ɗaukar mutum wajen dubu goma, kuma fitowa turereniya ce, 'yan sanda kan tare hanya, mota ba ta matsowa kusa. Gara su yi azahar ɗin Alhamis a can, Juma'a kuma a masallacin unguwa. Sannan Yaya, Hanafawa ne yawancinsu, la'asar ɗinsu tana yin baya fiye da yadda muka saba, kada Baba ya zaci an manta da kiran salla.

Baban Khalifa: Ba wanda ya ambaci tsohuwar ganuwar Golkonda, alhali tana bayan gidanku. Daga Tolichowki 'yan mintuna ne a a-daidaita-sahu. Gaskiya hawa can ƙololuwa ba na Alhaji ba ne, matakala ce ta dutse fiye da ɗari uku, mu masu lafiyar ma sai da muka huta a hanya. Amma abin mamakin yana ƙasa, bakin ƙofar shiga. Akwai wata kubba da in ka tsaya ƙarƙashinta ka tafa hannu, ana jin ƙarar a can saman dutsen, da haka masu gadi suke sanar da sarki an yi baƙo ko maƙiyi. Ka bar shi a ƙasa da wani, kai ka hau, ya tafa ka ji. Wannan ganuwar wata takwas Aurangzeb ya yi yana kewaye da ita a 1687, bai samu shiga ba sai da wani na ciki ya buɗe masa ƙofa.

Wurin da na fi so masa shi ne maƙabartar sarakunan Kutub Shahi, kusa da ganuwar. Fili ne mai bishiyoyi, manyan kubbobi jere, gidauniyar Aga Khan ta shafe shekaru tana gyara su da farar ƙasa irin ta da, har tsofaffin rijiyoyin masu matakala an yashe. Ba sai ya hau dandamalin ba, daga ƙasa zai ga komai. Ku je da sassafe kafin rana ta buɗe.

Abu Sumayya: A dai kula da abin da ake yi a wajen kaburbura.

Baban Khalifa: Malam, gini za su gani su yi wa mamata addu'a su wuce. Ɗan Fagge, ka riƙe fasfo ɗinku, kuɗin shiga na baƙi daban yake da na 'yan ƙasa, ya ninka sau da yawa. Kuma mai a-daidaita ku yi ciniki tun kafin ku hau.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe Chowmahalla da azahar a Makka Masjid, Asabar da safe Golkonda da kubbobin. Salar Jung fa, akwai keken guragu ko lif a ciki? In babu sai mu bar shi.