Gishiri da mai a tukunyar gida: nawa ne ya yi yawa ga zuciyar mace?

Maman Hanan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mace mai shekara 45 zuwa 50, al'adarta ta fara ɗaukewa, kuma a danginsu akwai hawan jini da ciwon zuciya, me ya kamata ta fara gyarawa a girki? Kowa sai ya ce a rage gishiri, a rage mai, amma ba mai faɗin nawa. Tukunya ɗaya ce ake yi wa mutum shida, ba za a riƙa girki biyu ba. Ma'auni nake so don Allah.

Ummu Sadiq:
Wa alaikumus salam, Maman Hanan. Ki fara da gishiri, shi ne ya fi saurin nunawa a awon jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai gram 5 a yini, wato kusan cokalin shayi guda, a shafe, ba mai tozo ba. Yara ma ƙasa da haka suke buƙata. Kuma wannan cokalin ya haɗa har da gishirin da ke cikin burodi, kifin gwangwani, da duk abin da aka sayo a leda.

Saboda haka kada ki ce mutum shida cokali shida. Ki auna cokali uku da safe ki zuba a ƙaramin kwano, daga ciki za a yi girkin yini. In ya ƙare, ya ƙare. Ɗiba da yatsu daga roba shi ke ɓata lissafi, don hannu ba ya ƙirga.

Dunƙulen ɗanɗano fa galibi kusan rabinsa gishiri ne. Wadda ta rage gishiri ta ƙara dunƙule biyu ba ta rage komai ba. In kwali ya rubuta sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, ki ninka sau biyu da rabi: miligram 400 na sodiyam gram 1 ne na gishiri. Bekin soda da ake sa wa wake don ya yi saurin nuna shi ma sodiyam ne. Jiƙa waken ya kwana ya fi.

Kada ki yanke lokaci guda, mutanen gida za su ce abinci ya yi lami, su koma barbaɗawa a faranti. Ki rage kashi ɗaya cikin huɗu, bayan mako biyu ki sake ragewa. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Ki bar albasa ta soyu a ƙaramar wuta har ta yi ja, ki sa tafarnuwa da citta, ki matsa lemon tsami bayan an sauke. Gishirin kuma sai ruwan miya ya tsotse, don in an ɗanɗana tun tana da ruwa-ruwa, tana kauri zai fito ya yi yawa.

Anti Bilki:
Na yarda da Ummu Sadiq, amma ga wadda al'ada ke ɗaukewa ba zan bar mai a baya ba. A wannan lokacin sinadarin istrojin yana raguwa, mugun kitsen jini da ake kira LDL kuma yakan hau, shi ne ke taruwa a jikin jijiya.

Abu biyu ne: irin man da yawansa. Man da ke daskarewa in ya huce, kamar man shanu, kitsen nama da man kwakwa, shi ke ɗaga LDL. Manja ma kusan rabinsa irin wannan kitsen ne. Man gyaɗa, man zaitun, man waken soya da na kanola sun fi. Amma kowanne babban cokali guda kalori 120 ne ko kusa, don haka a auna da cokali, kada a tuttulo daga galan. Miyar mutum shida babban cokali uku ya ishe ta. In kin ga mai ya taso yana yawo a sama, ki kwashe da ludayi. Romon nama kuma ki bari ya yi sanyi a firji, kitsen zai daskare fari a sama, ki ɗauke shi.

Man suya in ya yi duhu, yana kumfa ko yana hayaƙi da wuri, ya lalace, a zubar. Kifi mai maiƙo irin su sadin sau biyu a mako, gasasshe ko dafaffe. Wake ya maye gurbin jan nama sau biyu ko uku. Rabin faranti ganye da kayan lambu. Abin da ake so gram 400 ne a yini, har da 'ya'yan itace.

Maman Hanan:
Na gode ƙwarai. To gishirin nan da ake sayarwa mai ƙarancin sodiyam fa, a koma masa?

Sista Rabi:
Yana taimakawa, 'yar'uwa, amma ba ga kowa ba. Fotasiyam aka sa a madadin wani kaso na sodiyam. Mai ciwon ƙoda, ko mai shan wasu magungunan hawan jini irin su lisinopril, losartan ko spironolactone, fotasiyam na iya taruwa mata a jini har ya rikita bugun zuciya. Tunda tukunya ɗaya ce, a tabbatar da lafiyar duk masu ci, a tambayi likita tukuna.

Girki kuma ba ya maye gurbin awo. Matar ta auna hawan jininta a zaune, bayan hutun minti biyar, hannu a kan tebur daidai ƙirji. In ya kai 140/90 a ranaku daban-daban, hawan jini ne, kuma sau da yawa ba ya zuwa da ko ciwon kai. Wadda ta taɓa samun hawan jini ko ciwon suga lokacin goyon ciki ta faɗa wa likita ko da an yi shekara ashirin, don haɗarinta ya fi na sauran mata.

Sannan ciwon zuciya na farat ɗaya, wato toshewar jijiyar zuciya, a mace ba lallai ya zo da matsanancin ciwon ƙirji ba. Yakan zo da sarƙewar numfashi, tashin zuciya, zufa mai sanyi, ciwon muƙamuƙi ko tsakanin kafaɗu, da gajiyar da ba a saba ba. Mata da yawa sukan ɗauka olsa ce su sha magani su kwanta. In haka ta faru, asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.