Neman kalma: me za mu kira "commission" na soja?

Jama'a, ku taimaka. Ƙanena na son zama matuƙin jirgin yaƙi, na zauna zan yi wa Baba bayanin cewa sai ya samu commission tukuna, sai harshe ya ƙwace mini. Na ce kamasho, Baba ya ce, "To dillanci zai shiga?" Hukuma kuma wani abu ne daban, irin su hukumar zaɓe.

Abin da nake nufi shi ne ikon da shugaban ƙasa, a matsayinsa na babban kwamandan askarawa, yake ba mutum ya zama hafsa. Kurtu ba ya da shi, ko da ya kai saje mai igiya uku.

Amsa ta farko: Yaya, ai "yaye" ake cewa a rediyo. An yaye ɗalibai a NDA Kaduna, wato makarantar horar da hafsoshin soja.

Mai tambaya: Yaye ranar faretin ce kawai. Ana yaye kurata ma a Zariya, kuma ba hafsoshi ba ne.

Wani tsohon soja: Yaro, mu a bariki cewa muke an ɗaura masa anini. Shi ke nan, kowa ya gane.

Mai tambaya: Ranka ya daɗe, ta yi daɗi a baki, amma ta sojan ƙasa ce. Hafsan sama zare yake sawa irin na Ingila, ba anini ba.

Wata malama: Ku duba gida mana. Wa ke ba hakimi iko? Sarki ne ke naɗa shi, ya ba shi rawani, daga ranar yake magana da yawun sarki. Ni dai na ce "naɗin hafsa". Har hanyoyin ma sun samu suna. Wanda ya gama sakandare ya shiga NDA, wadda aka kafa a 1964, ya yi digiri haɗe da horon soja, ya samu naɗin dindindin. Wanda ya zo da digirinsa daga jami'a ya yi horon 'yan watanni, wato DSSC, nasa naɗin wa'adi ne, kuma galibi likitoci da injiniyoyi ake nema ta nan. Kafayat Sanni, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin yaƙi a Najeriya a 2019, ta NDA ta bi.

Tsohon soja: Na yarda, Malama. Amma ku gaya wa yaron naɗi ba tuƙi ba ne. Bayan naɗi sai makarantar koyon tuƙi ta 401 a Kaduna, masu jirgin yaƙi su wuce ta 403 a Kano, kuma likita na iya mayar da mutum saboda ido kawai. Sai ya gama a liƙa masa fuka-fuki a ƙirji.

Mai tambaya: Na gwada wa Baba yanzu. Na ce sai an naɗa shi hafsa kafin a ba shi jirgi. Bai tambaye ni komai ba, sai cewa ya yi a nemo wa yaron fom ɗin NDA.