“Mai son abinka ya fi ka dabara”: gargaɗi ne ko koyarwa?

Baban Sadiya: Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya bayan isha'i saura ƙiris a ba hammata iska a kwamitin masallacinmu kan kuɗin gyaran rufi. Sakatare ya ce a daina shelar “a kawo gudummawa”, a riƙa cewa “wa zai saya wa mahaifansa kwano ɗaya, ladan ya kai musu?” Ma'aji ya ce wayo ne, ba a yi wa jama'a dabara a ɗakin Allah. Sai wani dattijo ya ce, “Ai mai son abinka ya fi ka dabara,” ya zura takalmansa ya tafi. Yanzu kowane ɓangare na cewa shi dattijon ya mara wa baya. Ku fa, ya kuka gani?

Ɗan Kurmi: Wa alaikumus salam. Da ma'aji yake mana. Wannan karin ɓarawo da ɗan damfara ake yi wa shi, ba a yabon mutum da shi.

Malam Na-Tsimi: Zuciyar dattijo sai Allah, amma sakatarenku ba shaci-faɗi ya yi ba. A jami'ar Stanford ta Amurka, Lee Ross da abokan aikinsa sun sa ɗalibai wani wasan kuɗi: ko ka haɗa kai da abokin wasanka ku samu tare, ko ka zame masa ka ci kai kaɗai. Wasu aka ce musu sunansa Wasan Al'umma, wasu aka ce Wasan Wall Street, titin 'yan hannun jari. Doka ɗaya, kuɗi ɗaya. Masu sunan al'umma kusan biyu cikin uku suka haɗa kai, ɗaya ɓangaren kusan ɗaya cikin uku. A 2004 aka buga shi. Har an sa masu kula da ɗakunan kwanan ɗaliban su nuna wa zai yi kirki, wa zai yi son kai, amma hasashensu bai tsinana komai ba.

Uwar Biyu: To Malam, ina ka baro “hali zanen dutse”? Marowaci ko Wasan Aljanna ka kira abin, sisi ba zai saki ba. Ina da irinsu a dangin miji, ban dai kama suna ba.

Malam Na-Tsimi: Hajiya, ba ke kaɗai ba ce. Akwai wani wasan da ake damƙa wa mutum kuɗi a ce ya ba wani baƙo abin da ya ga dama, baƙon ba shi da ta cewa. Anna Dreber da abokan aikinta sun sauya masa suna a binciken da suka buga a 2013, ba su ga bambancin a-zo-a-gani ba. Suna ya fi aiki inda kake lissafin abin da ɗan'uwanka zai yi. Amma lafazin roƙo kansa yana tasiri: a 1976 Robert Cialdini ya tura masu neman taimakon ƙungiyar yaƙi da cutar daji gida-gida, da suka ƙara “ko kwabo ma zai taimaka” sai masu bayarwa suka tashi daga ƙasa da kashi 30 cikin ɗari zuwa 50.

Na-Maraɗi: Wato “ko ɗan ƙanzo, iya” ke nan! Almajirai sun riga bature, digiri ne kawai ba a ba su ba.

'Yar Zazzau: Kun tuna mini da kakata, Allah ya jiƙanta. Wata shekara gobara ta cinye rumbun wata maƙwabciyarta mai marayu huɗu, ga damina ba ta ma sauka ba. Iya ta ɗauki masaki, ta fara zuba geronta a ciki, sannan ta shiga gidaje. Ba ta cewa a taimaka. Sai ta sauke masakin a tsakar gida ta ce, “An fara, saura naki.” Wace mace za ta leƙa ta ga na wasu ta ce ba ta da shi? Kafin la'asar ta juye masakin nan ya fi a ƙirga.

Saura wani Alhaji, wanda ko bara aka yi a ƙofarsa yaro yake aikowa ya ce ba ya nan. Mata suka ce Iya kada ki ɓata sawunki. Ta yafa gyale ta same shi a zaure cikin mutane, ta gaishe shi, ta ce, “Alhaji, ba roƙo ya kawo ni ba. Wurin ajiya na samo maka, inda gara ba ta ci, ɓera ba ya shiga.” Ya yi shiru, ya dubi jama'a, ya sa aka fito da dami biyu. Gari ya ɗauka.

Da kaka ta yi sai ga yaronsa: wai Alhaji ya ce a ba shi ajiyarsa. Iya ko ɗaga kai daga taɓarya ba ta yi ba, ta ce, “Ka ce masa tana nan lafiya lau, amma wurin ba a aike, da kansa zai je ya karɓa.”

Ɗan Kurmi: Wallahi na yi dariya har yara suka leƙo. Allah ya kai haske kabarin Iya.

Uwar Biyu: Amin. Amma kun ga maganata ta fito, hali bai canza ba. Kunyar mutanen zaure ce ta fitar da damin nan, ba daɗin baki ba.

Na-Maraɗi: Da Iya na raye da wasu sun ɗauke ta daraktar kamfe. Su ma ai sun iya lafazi: a kwashe naka da tirela, a dawo maka da taliya biyu da sabulu a leda, a ce sunansa tallafi.

Ɗan Kurmi: Har da hoton mai gida a jikin ledar. Namu ya ƙaddamar da rijiya ɗaya sau uku, kowane zuwa da sabon suna.

Baban Sadiya: Jama'a don Allah a bar siyasa, kada mai zaure ya rufe mana.

Almajirin Malam: Ni tambayata, shin Alhajin nan yana da lada kuwa, tunda ya aiko a dawo masa da abinsa?

Uwar Biyu: Wannan kuma ka kai wa malaminka. 'Yar Zazzau, masakin nan yana nan? Bikin ƙanwata saura wata biyu, kuma dangin nan nawa sai an tashi tsaye.