Na rubuta da fprintf, amma da an ɗauke wuta sai fayil ya zama wayam

ɗan_jekadafari:
Assalamu alaikum. Jama'a ku agaza min, kawuna ya kusa cire na'urata ya koma wa littafinsa da biro.

Yana da shago a Tudun Hatsi nan Gombe, yana sayen masara da wake. Na haɗa masa sikeli da wata 'yar ƙaramar kwamfuta, Raspberry Pi, na rubuta ɗan firogiram da yaren C: duk buhun da aka ɗora, `fprintf` zai rubuta lokaci da nauyi a layi ɗaya cikin fayil, `printf` kuma ya nuna a allo. Ranar Talata mun auna buhu 73, bayan la'asar aka ɗauke wuta, ashe batirin da na jona ya daɗe da mutuwa. Da wuta ta dawo na buɗe fayil, babu ko harafi ɗaya. Alhali da idona na ga lambobin suna fitowa a allo. Jiya kuma an yi ciniki sosai, wutar ta sake tafiya, girman fayil ya tsaya cif a 8192, layin ƙarshe a guntule: "16:42 wake 9". Ko 95 ne ko 98, oho.

Wata kuma: bayan `scanf`, mai karɓar abin da aka buga a kibod, ya karɓi lambar dillali, tambayar suna sai ta wuce ba ta jira ni ba. Na sa `fflush(stdin)` don ya share ragowar abin da aka buga a kibod, ko gezau.

Baban_Hafsat:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, wannan 8192 da ka kawo ita ta tona asirin. Raba ta biyu.

`fprintf` ba ya kai rubutu fayil kai tsaye. Tarawa yake a wata ma'ajiya cikin firogiram ɗinka, bafa ke nan, kuma a Linux, manhajar da ke tafiyar da Pi ɗinka, girmanta na fayil yawanci bayit 4096 ne. Kamar motar Gombe zuwa Bauchi ce a tasha: direba ba ya tashi sai kujeru sun cika, ko da na farko ya zauna tun hantsi. Idan layinka bayit 40 ne, sai ka auna buhu sama da 100 kafin ta tashi sau ɗaya. Ranar Talata 73 ɗinka suna zaune a mota aka rufe tasha. Jiya mota biyu ta tashi, ta biyun ta cika a tsakiyar layi, shi ya sa ka ga rabin lamba.

Allo kuwa dokarsa daban, duk inda aka ga `\n`, alamar ƙarshen layi, ake sallama. Shi ya ruɗe ka. Sa `fflush(fp)` (`fp` shi ne fayil ɗin da ka buɗe) bayan kowane buhu, ka ɗauki shata ke nan. Ko ka kira `setvbuf` da `_IOLBF` da zarar ka buɗe fayil, kafin ka rubuta komai, don fayil ma ya riƙa sallama a ƙarshen kowane layi.

Yaya_ta_Yelwa:
Baban Hafsat, ka yi gaskiya amma ka sauke yaron a Alkaleri. `fflush` iyakarsa ya miƙa wa Linux. Shi ma Linux ɗin yana da tasa tashar a RAM, kuma a tsarinsa na asali rubutu kan iya kai daƙiƙa 30 yana jira kafin a fara kai shi kan katin SD. Idan firogiram ne ya faɗi, `fflush` ya wadatar. Idan wuta ce ta tafi, buhunan ƙarshe za su iya bin ta. `fsync` ne ke tilasta wa Linux ya kai rubutun kan kati nan take. Biyun za ka haɗa, kuma a wannan jerin:

`fflush(fp);`
`fsync(fileno(fp));`

Idan ka juya su, `fsync` zai tashi alhali rubutun bai iso gare shi ba tukuna. Na taɓa yin wannan kuskuren a aikina na gama digiri, kwana biyu ina zargin katin da ba ruwansa.

Kar ka damu da masu cewa `fsync` yana da nauyi. Mai rubuta layi dubbai a daƙiƙa ne ke jin haka, kai kuwa sai ɗan dako ya sauke buhu ya ɗora wani. Ka dai riƙa duba abin da su biyun suka mayar. Ranar da kati ya cika, a nan kuskuren zai fito, sau da yawa `fprintf` bai ma sani ba.

ɗan_jekadafari:
Allah ya saka, Yaya. Na gwada yanzu: na ɗora buhu, na zare waya da gangan, layin yana nan. Saura ta `stdin`.

Baban_Hafsat:
Na karɓi gyara, Hajiya.

Ita `fflush(stdin)` goge ta kawai. Ƙa'idar C ba ta fayyace abin da za ta yi ba. Tsofaffin kayan Microsoft sun kasance suna zubar da ragowar rubutu da ita, daga nan ta shiga handawut ɗin makarantu ta ƙi fita, amma a Pi ɗinka ba ta taɓa abin da aka buga a kibod. Abin da ke faruwa, `scanf` ya kwashe lamba ya bar `\n` na Enter a bafa, tambaya ta gaba ta tsince shi ta ɗauka amsa ce. Karanta layin gaba ɗaya da `fgets`, ka ciro lambar da `strtol`.

Batirin nan kuma ka canza shi kafin ranar kasuwa. Yanke wuta ana cikin rubutu yana iya lalata katin SD ɗungurungum, `fsync` ba ya maganin wannan. Ka ce wa kawu kar ya jefar da littafin tukuna.